Masta Wadud, Mai Busar da Iska a Salaga

Idan an sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, kowa da inda yake nufa. Masu koko su hura wuta, masu motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, su wuce kasuwar doya neman lodi, ni kuma in koma bencina a ƙofar gida in jira shayi. Masta Wadud shi ba ya zama. Bai gama sa takalmi ba zai tsallaka titi, ya zaga bayan gidansa inda ya kafa rumfar fenti, ya durƙusa a gindin tankin kwampreso, injin nan da ke matsa iskar da muke fesa wa mota fenti da ita, ya murɗe ɗan famfon da ke ƙasa. Sai ka ji fuuu, kamar kububuwa ta fusata. Ruwa ya fito jajaja-jajaja, ya tsaya a kansa har sai iska zalla ke fita. Daga nan ya bi bango, famfo bayan famfo, kowanne da irin kukansa.

Kunnena ɗaya ne ke aiki, na dama, kuma ta nan gidansa yake. Shekara da shekaru da wannan ƙarar nake karya kumallo, ban taɓa jin daɗinta ba. Amma ban taɓa jin ranar da aka fasa ba. Ranar Sallah ya yi. Ranar da za a kai matarsa Asana asibiti a Tamale, sai da ya yi sannan ya hau mota. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, da dafa bango ya je.

Bana ya ajiye aiki, kuma ɗalibarsa ta ƙarshe 'yata ce ta cikina. Abin da ya sa nake magana ke nan. Amma bari ku fara sanin mai maganar, kada ku ɗauka wani ƙaramin mutum ne ke yabonsa.

Ni ne Masta Issah, wanda direbobi ke kira Issah Bawku. Ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Wannan ma faɗa nake yi, Najat matar ɗana tana rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya. Amma launi, nuna mini ƙofar mota sau ɗaya, in haɗa maka irinsa da ido. A Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, na koyi aiki, lokacin da masta ke jifan yaro da sufana in ya yi kuskure. Na koma Bawku, daga Kulungugu har Binduri babu lorin albasa ko taksin kan iyaka da za ta yi kyau a ce ba hannuna ba ne. Masu Faransanci ma suna tsallakowa su ajiye mini mota su koma a ƙafa.

A garejin maigidanmu na Bawku na fara ganin Wadud. Daga Yendi aka kawo shi, siriri, ba ya magana, aikinsa shara da goge foti, abin cike lotsawar mota, da samfefa. Ni a lokacin ni ke riƙe da bindigar fenti. Wata rana da hantsi ina tsaye kusa da tanki, sai duniya ta tsage. Tankin ya fashe. Ya cire rufin kwano, ya tafi da yatsuna biyu na hagu da kunnen wannan gefen. An kwashe ni ana salati, har an aika gida a ce a fara haƙuri. Na tashi. Irina ba ya tafiya da ƙarar ƙarfe.

Ni ina kwance a asibiti, shi kuma Wadud aka ce ya share wurin. Ya ɗauki gindin tankin ya duba, ya ga ƙarfen ya zama kamar ɓawon gurasa, tsatsa ta cinye shi daga ciki, ga baƙin ruwa a kwance. Ya yi ta tambaya, wa ya zuba ruwa a tankin iska? Aka ce masa ya yi shara ya rufe baki. To, ku duba rabon Allah. Tanki ɗaya ya fashe mana. Ni na fito da yatsu takwas, shi ya fito da dabara. Wannan abin har gobe yana ci mini rai.

Ya gama ya koma Yendi. Ni na zauna Bawku na buɗe nawa, har shekarar da gari ya rikice wuta ta ci rumfata. Na zuba Alimatu matata da yara da bindigar fentina a cikin tsohuwar fijo ɗina, shuɗiya, wadda na fesa da hannuna, muka kamo hanya ba mu tsaya ba sai Salaga, garin iyayenta. Motar nan ita ta fitar da mu. Ko da injinta ya tsufa ban sayar ba, ban kuma bar kowa ya jingina da ita ba.

A Salaga na tarar da abin da babu a Bawku. Iskar nan jiƙaƙƙiya ce, ga tafki a Makango, ga damina mai tsawo. Ka fesa mota yau ta yi kyau kamar amarya, rana ta buga ta kwana kaɗan sai ƙuraje su feso, fenti ya yi bororo, wani wuri ya dushe kamar an shafa masa toka. Sai na kafa doka, kowa a tasha ya san ta, ana ce mata dokar Issah: daga ruwan farko har na ƙarshe ba a fenti. In rufe rumfa in tafi gonar doya. Direba ya zo yana roƙo in ce masa, "Je ka dawo da rani. Ni ba na sa sunana a kan ƙuraje." Kuma suna jira, don babu wani.

Sai ga Wadud ya sauka da iyalinsa a gidan da ke kallon nawa. Garin nan da faɗinsa, sai a gabana. Ya zo ya gaishe ni har ƙasa, yana "Yaya Issah, Yaya Issah." Na ce, "Kai Dagomba, me ka zo ci a nan, doyar Yendi ta ƙare ne?" Uwata Mosi ce, Mosi da Dagomba kuwa abokan wasa ne, saboda haka ina da izinin zaginsa har kabari. Ya yi dariya kawai. Na leƙa kayansa da ake saukewa, na ga bututun ƙarfe tuli, da murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ya ciro daga matattun firij, da wata ƙatuwar randa. Na ce wa Alimatu, "Mutumin nan ya bar fenti, ya koma dafa burkutu."

Abin da ya haɗa a bayan gidan nan, sai da na daɗe kafin na yarda na kalle shi da kyau, kuma ta katanga na fara. Injin ya ajiye shi a wani ɗan ɗaki daban, inda iska ke ratsawa, nesa da inda ake fesawa. Daga bakin injin bututun jan ƙarfe ya shiga randa ya naɗe a ciki kamar maciji, randar cike da ruwa, tana zaune a inuwa a kan jiƙaƙƙen yashi. Kun san yadda randa ke sanyaya ruwa ba wuta ba ƙanƙara. Daga can iska ta shiga tanki, daga tanki ta hau bututun ƙarfe da ya bi bango, ya hau sama ya sauko, ya sake hawa ya sake saukowa, kowace gangara da ɗan famfo a gindinta. Dogon bututun da ya tafi rumfa ma bai miƙar da shi daidai ba, ya ɗan karkatar da shi don abin da ya taru ya gangara ƙarshe. Inda zai ɗebi iskar aiki, ta saman bututun ya huda, ya lanƙwaso kamar wuyan agwagwa. Sai abin tace iska mai kwalba, sai wani gwangwani cike da 'yan duwatsu shuɗaye da yake sayowa daga Kumasi. In sun sha ruwa sun canza launi, Asana ta zuba su a kasko ta soya kamar gyaɗa, su koma shuɗaye. Tiyon fenti kuwa daban yake rataye shi, ba ya hura taya da shi, ba ya bari mai ya taɓa shi.

Wani direba ya tambaye shi a gabana me ya sa duk wannan wahala. Ya ce, "Ka taɓa ganin kwalbar lemo mai sanyi tana gumi? Ruwan ba daga cikinta yake ba, a iska yake. Inji in ya matsa iska tana yin zafi, ta riƙe ruwanta. Sai ta huce take sakinsa. In ban sanyaya ta a randa da bango ba, a bakin bindiga za ta huce, ta tofa wa motarka." Direban ya ce, "To ka sa bututun roba mana, ya fi sauƙi." Wadud ya kalle ni, ya kalli hannuna na hagu, ya ce, "Roba in ta fashe tana tashi kamar kwalba. Na ga abin da iska ke yi, sau ɗaya ya ishe ni." Da hannuna yake wa'azi, jama'a. Yatsuna ne suka tafi, shi ke cin ribar labarin.

Damina ta farko na tafi gona ina dariya. Na dawo na tarar da lorin doyar Jamaldeen, wadda na ce ya jira rani, tana sheƙi a tasha, kore da ruwan ƙwai. Na zaga ta, na shafa, na ce a ba ta wata guda. Aka ba ta shekaru. Ta tsallaka tafki a fanto, jirgin fiton motoci, ta dawo ba iyaka, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ko ƙurji ɗaya. Jamaldeen yana nan da rai, ku tambaye shi. Motar ɗaukar gawa ta zango, unguwarmu ta Musulmi, da ta yi tsatsa har ana jin kunyar fita da ita, Wadud ya ja ta gidansa a tsakiyar ruwa ya mayar da ita fara ƙal, bai karɓi komai ba, bai kuma rubuta sunansa a bayanta ba. Da ni ne, da sunana ya fi na zangon girma. Masu fenti suka riƙa zuwa daga Bimbila, daga Yendi, har wani daga Binduri, ya zaunar da su, ya ba su tuwo, ya ba su igiya su auna bango. Na ce masa, "Kai wane irin masta ne? Mu a zamaninmu in za ka haɗa launi sai ka aiki yara sayen goro." Ya ce, "Yaya, tanki ba ya tambayar na wa ne kafin ya fashe."

Kai ne, Wadud, ka karya dokar Issah ba tare da ka taɓa ɗaga mini murya ba. Direbobina suka fara zuwa wurinka da damina suna ɓuya, daga baya suka riƙa zuwa da rani suna ɗaga mini hannu. Da ka yi mini gori ko sau ɗaya, da na sami abin riƙewa. Ka ƙi.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yata Nusrat. A rumfata ta yi rarrafe, da samfefa ta yi wasan 'yar tsana. Ta yi aure a Yendi, mijin ya rasu, ta dawo da 'ya'ya biyu ta ce ita ba za ta sayar da wake da shinkafa ba, fenti za ta yi. Na yi murna, na ce jini ba ya ƙarya. Da hadari ya fara haɗuwa na ɗauko kwado zan rufe rumfa, sai ta ce, "Baba, yara ba sa daina cin abinci da damina." Na ce doka ce. Ta ce, "Ga can ana yi." Na ce, "To tafi can ɗin mana." Faɗa nake yi irin na uba. Da gari ya waye na ga ta ɗaura ɗankwali ta tsallaka titi.

Na ce wa Alimatu, "Kin ga abin da 'yarki ta yi?" Ta ce, "Na gani, Masta. Ni na ba ta goron da za ta kai." Na ce, "A gidan Issah Bawku?" Ta ce, "Titi kawai ta tsallaka, ba Burkina ta tafi ba. Sha shayinka."

Ga inda maganar take. Mu masu gareji a nan muna da al'ada. In ɗalibi ya gama, sai ya fesa mota guda shi kaɗai, dattawan ƙungiya su duba. In ta yi, a sa ranar yaye, wadda yara ke ce wa firidom. A kawo goro da lemo da rago. Sannan uban ɗalibi ya miƙe a gaban jama'a ya ce wa masta: "Na kawo maka shi bai san komai ba. Abin da ke hannunsa yau naka ne. Ka yafe masa, ka sake shi." In uba yana da rai bai faɗa ba, ba a saki, ƙungiya ba ta sa mutum a cikinta, tasha kuma ba ta aika masa mota. Ni kaina na sha zama a kujera ana faɗa mini wannan, ina gyaɗa kai. Ban taɓa tunanin ranar da zan tsaya in ce 'yar da ta tashi a rumfata ba ta san komai ba, kuma in faɗa wa wanda ya yi mini shara.

Bana, ruwa na tsakiyar zuba, Wadud ya zo bencina ya zauna yana tari. Ya ce, "Yaya, ina so a yaye Nusrat." Na ce, "A bari rani." Ya ce, "Likita ya ce ƙirjina ya gama shan tina, ruwan tsinka fenti. In na bar ta ban sake ta ba, ta zama ba ta da masta ke nan." Sannan na ce, "To a yi. Amma a motata za a yi, kuma baƙi." Duk mai fenti ya san baƙi ba ya rufa asiri, ko numfashin sauro ya taɓa shi sai ya nuna. Wadud ya ce, "Allah ya kai mu."

Da ya tafi Alimatu ta fito da muciya a hannu. "Wa kake ɗana wa tarko, Wadud ko 'yarka?" Na ce, "Duk wanda zai ce shi jinina ne, sai ya fesa baƙi a watan Agusta." Ta ce, "Kai ka taɓa yi?" Na ce mata kunnen nan ba ya ji.

Aka tura fijo aka tsallaka da ita. Na zauna ina kallon Nusrat tana kankare shuɗin da na fesa tun a Bawku, kamar fatata ake gogewa. Ta ɗago tana haki ta ce, "Baba, wannan fentin naka ya ƙi fita." Na ce, "Ɗaga murya, mastanki bai ji ba."

Ranar fesawa ruwa ya kama tun safe. Irin ranar da gishiri ke narkewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Dattawa suka zauna a baranda. Wadud ya zauna daga waje da ƙyalle a hanci, bai shiga ba. Nusrat ta tatse tanki, ta bi famfunan bango, ta kwashe ruwan randa ta zuba sabo, ta juye duwatsun da Asana ta soya. Ta yayyafa wa ƙasa ruwa, ta ja labulen leda, ta sa abin rufe hanci. Sannan ta ciro madubin kwalliyarta, ta saita bakin tiyo a kansa ta saki iska ta daɗe, ta miƙo mini. Busasshe ƙarau. Na ce wataƙila madubin ne, na hura masa numfashina, ya yi hazo nan take. Jamaldeen ya ce, "Masta, kai ma a haɗa ka da randa." Aka yi dariya. Ban yi ba.

Ta fara. Na ga yadda take tafiyar da hannu, ba ta karya wuyan hannu, tana sakin kunamar bindiga a ƙarshen kowane layi, sabon layi yana hawa rabin na baya. Na ce wa na kusa da ni, "Wannan hannun ka san na wa ne?" Ya ce ya sani.

Amma ƙuraje ba a ranar suke fitowa ba. Da fenti ya kama aka fitar da motar fili, rana ta buga ta in an ɗauke ruwa. Kullum da azahar sai in je da yatsuna takwas in bi ta, bonet, ƙofofi, ƙarƙashin hannun ƙofa, bakin gilashi, kamar mai neman ƙwarƙwata. Rannan a kan rufi yatsana ya ci karo da wani ɗan tudu. Gabana ya yi wani irin tsalle, har yau ban san ko na murna ne ko na tsoro ba. Na waiga na ga Nusrat tsaye ta kama bakin ɗankwalinta, 'ya'yanta suna riƙe da zaninta. Na tofa yawu a babban yatsa na murza. Kashin ƙadangare ne. Ya goge. A wurin na ga fuskata, har da furfurar gira. Dattawa suka ce, "Masta Issah, me ka gani?" Na ce, "Na ga tsoho."

Ranar yaye an kafa rumfa a tsakiyar titi tsakanin gidajenmu, fijo tana gefe baƙa wuluk, yara suna gyara hula a jikinta. Aka yi addu'a, aka raba goro. Shugaban ƙungiya ya ce, "Uban ɗaliba." Na miƙe. Kowa ya san abin da ke gabana. Na gyara hula, na sake gyarawa, ina ta jan lokaci. Nusrat tana durƙushe, kanta a ƙasa. Alimatu ta zuba mini ido daga cikin mata.

Sai Wadud ya yunƙura ya tashi, yana dafe da ƙirji, ya ce, "Jama'a, a ɗauke wa Yaya wannan. Kowa ya san gidan da ta fito. Da hannunta ta zo mini. Ni na yafe, na sake ta haka nan."

Wallahi nan ne jinina ya hau. Ka kwashe mini direbobi, ka karya mini doka, ka ɗauke mini 'ya, yanzu kuma a gaban Salaga za ka fi ni girman zuciya? Na ce, "Zauna, Dagomba! Wa ya ce maka Issah Bawku yana neman rangwame? Tanki bai kashe ni ba, magana ce za ta kashe ni?" Na juya kunnena mai ji wajen jama'a, na ɗaga murya yadda masu doya a kasuwa za su ji: "Masta Wadud, na kawo maka ita ba ta san komai ba! Abin da ke hannunta yau naka ne! Ka yafe mata, ka sake ta!" Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa faɗarta da ƙarfi haka ba, ku tambayi kowa. Mata suka rangaɗa guɗa, aka zazzage wa Nusrat hoda har ba a gane ta. Wadud yana share ido da hularsa. Na ciro bindigar fentina da na fito da ita daga wutar Bawku, wadda ban taɓa ara wa ko ɗana ba, na sa mata a hannu. Shi kuma ya miƙa mata makullin rumfa, da randa da bango da komai.

To, Wadud, ga ni na faɗa a takarda kuma, don waɗanda ba su zo ba. Kai ne ka ga baƙin ruwa a gindin tanki kana ɗan shara, ka ƙi mantawa. Kai ne ka sa mai fenti a Salaga yana ciyar da gidansa da damina. Tun da ka zo garin nan ba a sake jin tanki ya fashe a rumfar wanda ya auna bangonka ba, kuma ni na san nauyin wannan fiye da kowa. Na fi ka ido, na fi ka hannu, wannan ko kai ba ka musu. Amma ka fi ni iska. Na gode da 'yata. Allah ya sassauta maka ƙirji, ya ba Asana ladan suyar duwatsu.

Ku kuma yara masu kwampreso a bayan gida, daga nan har Kulungugu, ku daina jiran sai rana ta tona muku asiri. Ku tatse tanki kowace safiya. Ku sanyaya iska kafin ta iso bindiga, ku sa ƙarfe ba roba ba, ku gwada a madubi kafin ku taɓa motar mutane. In ba ku gane ba ku zo Salaga, ba a ɓoye komai a gidan can. In kuma wani ya ce wahala ce, ku turo mini shi ya ƙirga yatsuna.

Yanzu in an sallame asuba Wadud ba ya tsallaka titi. A bencina yake zama, ta gefen kunnena mai ji, yana shanye mini shayi. Can sai mu ji fuuu daga bayan gidansa. Mu yi shiru mu biyu, muna bin famfunan da kunne, ko za ta tsallake ɗaya. Ba ta tsallakewa. In ta rufe na ƙarshe sai in ce, "Ka ji jinina." Shi kuma ya kurɓi shayi, ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ko musu ba zai yi mini ba. Kun ga irin mutumin da nake fama da shi.